Babban Firist da Katakon Jirgi

A tashar kwale-kwale ta Iloilo ga wani tsoho tsaye, farar riga, baƙin laktaye, takalma sun sha goga kamar mai zuwa neman aure. Teku ta yi baƙi ƙirin, iska tana fizgar rumfa, shi kuwa ya damƙe wata 'yar kwalbar man zaitun.

Wata mai soya ayaba ce ta tona mini shi. "Babban firist ne a cocin Mormon. Sauran ranaku gyaran fanka yake yi."

Wataƙila bai iya iyo ba. Wataƙila ruwan nan ya taɓa cinye masa wani, don ko kallonsa ba ya yi.

"Baba, za ka shiga ko kuwa?" in ji mai jirgi. "Wannan ne na ƙarshe zuwa tsibirin Guimaras. Kai mai babban matsayi, tsawata wa teku mana!"

"Yaro, kan mutum aka ce in ɗora wa hannu. Ita teku ina kanta?" in ji tsohon. "Wata yarinya ce a can, kwana uku tana zazzaɓi. Uwarta ta roƙa in je in shafa mata mai, in yi mata addu'a."

Ya tuɓe takalman ya rataya a wuya, ya cusa kwalbar a aljihun ƙirji. Katakon hawa jirgin sai lilo yake. Babban firist ya durƙusa ya hau da rarrafe, ido a rufe, leɓe yana motsi.

Mai jirgi ya buɗe baki zai ƙara tsokana, sai kawai ya miƙa masa hannu.