Yatsu Uku a Kan Faranti

Shekara talatin da ɗaya muka yi tare da shi a masana'antar da ke narka ƙarfe tana zuba farfelar famfon ruwa, ni a ɗakin awo, shi a teburin duba aibu. Baba Shafa ake ce masa, domin babu farfelar da ke fita sai ya bi kowane lungu nata da yatsa, ido a rufe. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba yana jin ta. In ya ce lafiya, magana ta ƙare, kuma wannan amanar ce duk abin da ya mallaka.

Sai aka kawo kyamara mai ganin zafi. Fitila ke watsa wa ƙarfen zafi, wurin da ya tsage ya riƙe shi, ya fito da haske a allon kwamfuta. Aka ce kowace farfela ta shiga ɗakin da sanyinta, kada a taɓa. Aikin Baba ya koma tura su a keke zuwa ƙofa.

A wata na uku aka lura na'urar ta ƙi farfela goma sha bakwai, dukansu da tabo a wuri ɗaya. Aka yanka biyu, babu tsaga. Injiniyar da ke kula da na'urar, sa'ar 'yarsa, ta kira shi, ina wurin.

"Baba, kana shafa su a hanya, ko? Ɗumin hannunka na'urar ke gani."

"Hannun ne ba ya jin magana, 'yata."

"Kai da ƙarfe kamar ango da amarya! Ɗora shi nan mu gani."

Ya yi dariya, ya ɗora tafinsa kan wani farantin ƙarfe a gaban kyamarar, ya ɗauke. Sawun ya fito a allo, yatsu uku jajur, biyu babu alamarsu.

"Baba, waɗannan fa?"

"Wata takwas ke nan ko allura ba na ji da su. Gwada su nake yi, ko sun dawo. Da su nake shiga lungu. Wata biyar kafin na'urarki ta zo ina cewa lafiya, ban ji komai ba."

Ta ce a bar maganar tsakaninmu. Ya ƙi, ya hau bene wurin manaja da ƙafarsa.

Cikin waɗanda ya duba a wata biyar ɗin, an dawo da farfela ɗari biyu da shida, an sami tsaga a tara. Arba'in ba a gano inda suke ba. Yanzu ya bar aiki, yana gida. Duk ranar da na je gaishe shi, kafin in zauna zai ce, "An samo arba'in ɗin?"