Fitila Mai Ruwan Ɗorawa

A shekarata ta biyu a makarantar koyon sana'a aka tura ni ofishin tarho na Funtuwa in yi wata uku ina koyon aiki. Mai kula da injuna wani dattijo ne Bayarabe, haifaffen garin, kowa Baba yake ce masa. Saura masa shekara guda ya yi ritaya.

Allon ƙararrawa aka ba ni. In jar fitila ta kama, layi ya yanke ke nan, a tashi a guje. In mai ruwan ɗorawa ce, sai in danna maɓalli ƙarar ta tsaya, in rubuta lokaci a littafi, in je in gaya wa Baba. Dannawa da rubutawa ba su taɓa ba ni wuya ba.

Wata safiya a kakar auduga, fitila mai ruwan ɗorawa ta na'urar cajin batir ta kama. Na danna, na rubuta, na nufi baranda. Na iske Baba da baƙi, wasu dattawa daga Kafur da suka zo masa ta'aziyyar ƙaninsa. A gidanmu ba a katse manya. Na durƙusa na gaishe su, na ɗan jira ko zai dube ni, na koma. Sau uku ina zuwa, sau uku ina komawa da maganar a bakina.

Bayan la'asar batir ya ƙare, tarhon garin ya mutu gaba ɗaya. Dillalan auduga suka cika harabar suna faɗa.

Kwana biyu bayan haka sufeto ya zo daga Kaduna. Ya buɗe littafin, ya ga komai a jere da rubutuna mai kyau, har minti. Ya juya ga Baba.

"Ka sani tun safe, ka zauna hira? Wannan ai kora ce, Baba."

Korar na nufin asarar fanshonsa. Baba ya cire hula ya riƙe, bai ko kalle ni ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ban gaya masa ba."

"Me ya hana ka?"

"Yana da baƙi."

Sufeto ya tambayi Baba ko haka ne. Baba ya ce shi ne babba, shi ya kamata ya leƙa allon. Aka ba shi takardar gargaɗi, aikinsa ya tsira. Ni kuma aka ƙara mini wata guda na koyon aiki.

Washegari Baba ya tsayar da ni bakin ɗakin injuna, ya tafi can gindin mangwaro wajen mai ƙosai.

"Malam ɗalibi, kira ni!"

"Baba," na ce.

"Kazar gidanmu ta fi ka murya. Sake!"

Na sake. Masinjan ofis yana dariya, mai ƙosai ta bar mai yana ƙonewa tana kallo. Sai a karo na shida ya ɗaga hannu alamar ya ji. Ya saya mini ƙosai, ya ce gobe daga bakin titi zai tsaya.