Ɓerayen Masar na Mama Eulogia

Tun rasuwar mijinta, Mama Eulogia ba ta da abokan hira sai ɓerayen Masar da take kiwo a gindin murhu. Ɗanta Fermín ya zo daga birnin Lima, ya toshe hanci, ya gina musu keji a waje, ya koma.

Sanyin Yuni, lokacin hunturunmu, ya sauko, huɗu suka mutu duk da bargon marigayi da ta lulluɓa musu. Ta kwaso sauran a mayafi zuwa gindin murhu tana masifa: "Ɗan birni! In ya isa, ya dawo ya fitar da su."

A ƙauyenmu, kukansu alamar baƙo ce. Duk ranar da suka yi kuka, sai ta ƙara dankali a tukunya, ko Fermín ne ke tafe. Shekara uku ke nan tana ƙarawa.