Batirin Kwamfutar Ƙanwata

Ƙanwata ta fi kowa taurin kai a gidanmu na Dawaki, kuma ita ce mai sikila. Tana ajin ƙarshe a karatun kwamfuta ciwon ya matsa mata, har kwananta a asibiti ya fi na gida yawa. Sai ta ce in saya mata laftof ta ƙarasa aikinta na kammala makaranta a kan gado. Albashina bai kai sabuwa ba, don haka muka tari keke sai Bolari, wurin masu sayar da na hannu.

Ni a ganina sayen kwamfuta bai wuce a ga mai ƙyalli a yi ciniki ba. Ita kuwa da filas ta zo, ɗan abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, ƙulle a bakin mayafi kamar tsohuwa da kuɗin goro. A cikinsa akwai manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, da ita take aikin. Duk kwamfutar da aka miƙo sai ta soka filas ta tayar da ita, ta ga ko za su shirya. Wata ta ƙi kama intanet, wata ta ƙi fitar da sauti, wani mai shago ma ya fizge tasa wai za mu sa masa bairos. Ina ta tsaki, ita tana zaune a benci tana mai da numfashi.

Wadda ta karɓi manhajar wata baƙa ce mai kauri, gefenta a fashe.

Na ce, "Duk faɗin Gombe wannan mummunar kika gani?"

Ta ce, "Hamma, ba biki zan je da ita ba."

Mai shagon, wani dattijo mutumin Borno, ya ce, "'Yata, gara in faɗa miki gaskiya, batirin ya tsufa. Da ƙyar ya yi shekara."

Ta yi murmushi ta ce, "Shekara ai ta isa, Baba."

Maganar ta soke ni, amma na yi kamar ina duba caja.

A ɗakin asibitin soket ɗaya ne, masu jinya na layin cajin waya a kansa. Takan ɗora kwamfutar a kan matashi ta yi ta dannawa da hannu ɗaya, ɗayan ana yi masa ƙarin ruwa. In na ce ta huta, sai ta ce saura kaɗan. Ba ta ƙarasa ba. Damina ba ta fita ba muka kai ta makwancinta.

Kwamfutar tana wurina. Ban iya manhajar ba, abokan aiki kullum cewa suke in kai a sauya mini da wadda muka saba. Na ƙi. Lokaci-lokaci nakan kunna ta in buɗe aikin, in zauna ina kallon inda ta tsaya, ko layi ɗaya ba na ganewa. Ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa. Shekarar da dattijon ya faɗa ta wuce tuntuni, batirin har yau yana riƙe caji, kuma wallahi wani lokacin haushinsa nake ji.