Wuƙar da Ta Ci Dutsen Usumanu

Ranar sunan jikar Babiker mahauci, Usumanu mai wasa wuƙa ya sha kunyar da har yau in an tuna ta a unguwarmu sai wani ya ƙware da jabana, gahawarmu ta nan. Rago na ɗaure, maza sun cika ƙofar gida, sai Waleed ɗan ƙanwar Usumanu, wanda ya dawo daga tuƙin mota a Saudiyya, ya zaro wata 'yar wuƙa mai naɗewa daga aljihu.

"Kawu, ta dakushe. Ɗan taɓa mini ita mu yi fiɗa."

Usumanu ya karɓe ta da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. "Wannan ce wuƙar? Mu a Gadarif da irinta muke sakace."

Ya kwance tsumma, ya fito da dutsensa, ya yayyafa ruwa, ya goga sau bakwai yadda ya saba. Ya naɗe hannun jallabiya, ya ja wuƙar a kan gashin hannunsa yana kallon jama'a, bai ma kalli hannun ba. Ko sili ɗaya bai faɗi ba. Ya ƙara bakwai. Ya ƙara ashirin, gumi har cikin kunne. Da ya ɗaga wuƙar, sai ga kwari a tsakiyar dutsen, kamar hanyar ƙwalla.

Babiker ya buga cinya. "Ya jama'a, ku zo ku ga wuƙa tana wasa dutse!"

To, dutsen nan ba na banza ba ne. Mahaifin Usumanu, Modibbo, ne ya tsinto shi a bakin kogin Rahad tun suna Mafaza, kafin su dawo gari. Shekara talatin da ɗoriya Usumanu na zaune da shi a gindin dalbejiya, kuma duk kaka leburorin gonakin riɗi wurinsa suke jibge laujensu kafin loriyoyi su kwashe su. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna ka yi sanya sai ya zube ƙasa ya bar ka da kara. Shi ya sa ake cewa laujen Usumanu ya fi sammako. Shi ma ya san ana faɗa, don tafiyarsa ma ta daban ce.

Amma labarin 'yar wuƙar ya riga shi zuwa kasuwa. Saura mako biyu a fara yanka, gindin dalbejiya ba lauje ko ɗaya, sai awaki. Kowa ya koma wurin wani mai injin wasa wuƙa da ke watsa tartsatsi, har da Babiker da wuƙaƙensa. Matar Usumanu, Goggo Jummare, ta leƙo ta ce, "Malam, in kawo maka muciya ka wasa? Ita dai ba ta ramuwa."

Usumanu ya riƙe 'yar wuƙar, ya hana Waleed. Ya zauna yana kallon ruwan da ke gangarowa daga dutse, sai ya lura da abin da bai taɓa buƙatar lura da shi ba. In ya goga lauje, ruwan baƙi yake fitowa, dutse ne ke cin ƙarfe. In ya goga wannan 'yar banzar, ruwan ja yake fitowa kalar dutsen. Ashe ƙarfen ya fi dutsen tauri, shi ke nan maganar.

Sai ya shiga yawon neman dutse da kwalbar ruwa a aljihu. Ya gwada guntun dutsen niƙa, ya gwada gindin finjalin jabana. Ya hau mota har garin Fau wurin masu gyaran tarakta, suka ba shi wani baƙin dutse. Wannan ya ɗan ci, amma ci irin na mara lafiya. Mu kuwa muna ta tambayarsa ko ya koma kwasar tsakuwa ne.

Wata safiya yana wucewa ta wani sabon gini ya ji ƙara, shuu, shuu. Kunnensa ya tsaya kafin ƙafarsa. Elsadig mai ɗaura tayil ne ke goge bakin tayil da wani faifai kamar tafin hannu, yana ƙyalli kamar an barbaɗa sukari.

"Ya zol, bawan Allah, mene ne wannan?"

"Garin lu'ulu'u ne a jikinsa, Baba. Ba abin da ba ya ci."

Iri uku ne da shi. Usumanu ya bi kowanne da farce. Mai kaushin ya mayar, ya ce wannan sai kofaton jaki, zai cinye wuƙar mutane. Ya ɗauki na tsakiya da wani mai laushi da ya tsufa har Elsadig zai yar. Ya zuba ruwa, ya goga a hankali ba dannawa. Ruwa ya fito baƙi ƙirin.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wurin mai jabana ya cika maƙil. Usumanu ya zauna, ya goge wuƙar a wata tsohuwar fata, ya naɗe hannun riga. Wannan karon ya kalli hannun. Ja ɗaya, gashi ya zubo, fata ta fito sumul. Ya ciro zare daga rawanin Babiker, ya sake shi a iska, ya raba shi biyu. Waleed ya yi kabbara. Wasu leburori uku suka tashi sumsum, suka dawo da lauje a hammata, bakin kowane lauje ya yi shuɗi saboda ƙunar inji.

Babiker bai ji daɗi ba. Ya gyara rawani ya ce, "To ai ba gwanintarka ba ce, ya Usumanu. Dutsen mai tayil ne ya yi aikin."

Usumanu ya naɗe wuƙar, ƙyas, ya miƙa wa Waleed, ya jawo lauje na farko ya ɗora a kan tsohon dutsen Modibbo.

"Shekara goma dutsen yana hannun Elsadig, har yau ni ke wasa masa wuƙar layya. Kai ma je ka kwaso wuƙaƙenka, Babiker. Mun gaji da cin naman da aka kashe da lallashi."