Yaya da Ƙanen Dogo

Dogo mai fiyano, Allah ya jiƙansa, Yaya yake kiran fiyanonsa na lantarki, injin gangarsa kuma Ƙane. Waya ɗaya ce ta haɗa su, Yaya na aika ƙirgen bugu, Ƙane na bi. Dogo yakan tsokani amininsa tela: "Sun fi mu jituwa, ɗan'uwa."

Ran da wasu bugaggu suka kutsa zauren rawar da yake kiɗa za su farfasa kaya, Dogo ya kare fiyanon da jikinsa. Suka daɓa masa wuƙa. Ya faɗi, amma Yaya bai daina ƙirge ba, Ƙane bai daina bugu ba, mutanen da ke can baya sai rawa suke. Tela ya yi ta ihu, kiɗa ya danne muryarsa. Sai da ya fizge wayar aka ji shi. Kafin motar asibiti ta iso, Dogo ya cika a kan cinyar tela.