Injin da Na Riƙa Ɗumamawa Kafin Mai Saye Ya Zo

Ni bakanike ne, kuma kafin in lalace ana yabon hannuna. A wani gareji kusa da Ƙofar Marusa na koyi aiki, wajen wani dattijo da ba ya ɗaukar sifana sai ya saurari inji tukuna. Shi ya koya mani cewa ciwon mota da safe ake gane shi, bayan ta kwana ta huce. In ka murza makulli tana ja da ƙyar, fara da batir. In batir na da ƙarfi, ciro fulogi ka duba bakinsu. Ka ishe su jiƙe da baƙin mai, to cikin injin ya ci, gyaran ba ƙarami ba ne. In kuwa ta tashi amma tana jijjiga a silo, wato tana tsaye ba a taka totur ba, sai a duba matatar iska, ko nozul, ko wani tiyo da ya tsage yana shan iska. Na iya wannan aikin har na kan gane matsala tun mota ba ta gama shigowa gareji ba.

Ƙaryata ta farko ƙarama ce. Wata ma'aikaciya ta kawo motarta tana jijjiga. Fulogi ɗaya ne ya yi datti. Na goge shi na mayar, na ce mata sababbi na sa. Kwana uku ina tsoron ta dawo. Ba ta dawo ba. Ta biyu ba ta ba ni tsoro kamar ta farko ba.

Daga nan wani dillalin tsofaffin motoci, wanda zan kira Alhaji kawai, ya fara jawo ni jiki. Wata rana ya ce mani, "Kai da ka san inda ciwo yake, ai ka san yadda ake rufe shi."

Na sani kuwa. Ranar da mai saye zai zo, sai in riga shi zuwa filin motocin, in tayar da injin ya yi zafi sosai. In zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ragu. In ɗaga silo kaɗan don jijjigar ta ɓuya. In mai saye ya nemi bakaniken da zai duba mashi, yaran Alhaji su nuna ni, kamar ba mu san juna ba. Da labari ya kai wa maigidana, bai yi mani faɗa ba. Ya ce, "Kwashe kayan aikinka. Ba don haka na koya maka ba."

Malam Lawal malamin firamare ne a Batagarawa. Shi ba nuna mashi ni aka yi ba, da ƙafarshi ya zo, don ya san ni tun ina wajen maigidana. Bayan mun gaisa ya ce ya ga wata mota wajen Alhaji, yana so in raka shi. A hanya ya gaya mani dalili. Ɗiyarshi mai shekara takwas tana da sikila, kuma ciwon ya fi tashi lokacin sanyi. Ya gaji da ɗaukar ta a babur zuwa asibiti.

Motar na san ta. Da safiyar ranar ma sai da aka tura ta kafin ta tashi, na bar injin ya yi zafi. Malam ya ɗora tafinshi a kan bonet, ya ce, "Na ji da ɗumi."

Na ce, "Rana ce, Malam."

Na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ya kalle ni ya ce, "Tsakaninka da Allah, lafiyarta lau?"

Alhaji na tsaye bayanshi yana jan carbi. Na ce, "Sai dai ka gaji da ita."

Malam ya biya kuɗi ya tafi da motar. Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Waya ta yi ƙara, sai in zaci Malam ne. Sau biyu Malam ya kira ya ce motar na wahalar tashi, tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana mutuwa a silo. Na ce sanyi ne, ya riƙa ɗan taka totur. Na yi niyyar in je in gaya mashi gaskiya. Har tashar Batagarawa na taɓa zuwa, na juyo.

Wata safiya da sanyi ya tsananta, ya kira. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Ta ƙi tashi. Yarinyar na cikin mota. Me zan yi?"

Ta wayar ina jin injin na ja yana saki, ina jin kukan yarinyar, ina jin uwarta na salati. Na ce ya taka totur. Na ce a tura. Na san ba za ta tashi ba, fulogin sun jiƙe, batir ya gaji. Ya ce, "Ka yi magana mana!" Sai na kashe wayar.

A babur aka kai yarinyar asibiti cikin wannan sanyin. Bayan kwana biyu ta rasu. Ko da motar ta tashi za ta rayu, ko ba za ta rayu ba, Allah ne ya sani. Ni dai na san abin da na yi.

Bayan sadakar bakwai, 'yan'uwan Malam suka kai motar wajen wani bakanike. Da ya buɗe injin ya ga komai. 'Yan sanda suka zo suka tafi da ni. Da maganar ta bazu, wasu da muka cuta su ma suka fito. A kotu Alhaji ya ce shi bai san kan inji ba, abin da bakanike ya gaya mashi shi yake gaya wa mutane. Aka sallame shi. Ni aka ɗaure ni shekara biyu.

Wahalar gidan yari ba sai na faɗa ba. Abin da ya fi ci na shi ne duk lokacin da na rufe ido sai in ji muryar Malam yana cewa in yi magana. Can na koma ga salla da gaske, na roƙi Allah gafara.

Da na fito na tafi Batagarawa. Na daɗe tsaye nesa da gidan kafin in yi sallama. Malam ya fito, ya rame. Na durƙusa na faɗi komai, har ɗumin bonet. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Nawa haƙƙin na yafe. Na uwarta ba ni da iko a kai. Zan gaya mata ka zo."

Yanzu facin taya nake yi a bakin titi, don ba mai ba ni makullin motarshi. Ku matasa masu koyon sana'a, ku ji daga bakin wanda ya yi. Duk wanda ya tambaye ku abin da kuka sani shi bai sani ba, amana ya damƙa maku, kuma ba ku san wa ya bari a gida ba. Ku faɗa mashi gaskiya, ko da cinikin zai lalace, ko da mai kaya zai kore ku. In kun riga kun yi ƙaryar, ku koma yau ku gyara, kada ku juyo a tasha. Ni shekara uku ke nan da fitowata. Mahaifiyar yarinyar har yau ba ta aiko da amsa ba, ina nan ina jira.